Hannun da Na Buge a Zongon Wagadugu

Da asubar Laraba muka tashi daga Bobo, ni da ƙanwata, ƙasa tana jiƙe da ruwan da aka yi kafin kiran salla. Ku da kuka dame ni da saƙo kuna neman labarin Wagadugu, to ga shi, amma ku yi haƙuri, ba labarin kasuwa ba ne, ko atamfa ɗaya ban sayo ba. Jikana na je gani. Rabona da shi tun yana rarrafe, yanzu shekararsa biyar, kuma duk sanin da ya yi mini a gilashin waya ne. Burina guda ne: yaron nan ya saba da ni, ya zauna gabana mu ci abinci kwano ɗaya kafin ƙafata ta gaji da hanya. Kwana biyar kawai na ɗiba, don rumfar abincina ba ta son a daɗe da barin ta hannun wasu.

Sefa dubu takwas kowa ya biya a kar, wato babbar motar fasinja. Ƙanwata ta yi ta mita wai a da da rabin wannan ake zuwa. Ni dai taga na nema, na kuma samu. Damina ta zauna sosai bana. Masara ta kai ƙirjin mutum, gonakin auduga wajen Hunde kore shar har inda ido ya tsaya, tururi yana tashi a hankali daga fadamu. Na riƙa gyangyaɗi ina farkawa, har na kasa raba abin da na gani da abin da na yi mafarki. Akwai wata mace da na hango tsaye tsakiyar gona, jan zane, ƙwarya a ka, ba ta motsi. Har yau ban tabbata da gaske tana wurin ba. Sau uku aka sauke mu a shingen jami'an tsaro, kowa da katinsa a hannu, mu taka da ƙafa mu tarar da motar a gaba.

A Boromo ake hutawa. Kafin ka sauko mata sun kewaye mota da tire a ka: burodi, kantun riɗi, dafaffen ƙwan zabi, kaɗanya mai laushi. Wata ta miƙo mini soyayyar kaza dubu uku da ɗari biyar. Na ɗaga ta na juya, na ce wa mai ita wannan ai yunwa ce ta kashe ta, ba wuƙa ba. Ta yi dariya ta rage mini ɗari biyar. Na sayi kantu ƙulli biyu na ɓoye wa jikana a ƙasan jaka don kada ƙanwata ta gan shi, na san halinta. Muna haye gadar kogin Muhun, ruwa ya cika ja wur, barci ya sake ɗauke ni. Ban farka ba sai da ƙarar babura ta cika kunnena.

Wagadugu kenan, garin babur. Mata da goyo a baya, da kwandon kayan miya a gaba, da takalmi mai tsini, kowace tana tuƙa nata ba ruwanta da kowa. Ɗana yana jiranmu a tasha. Shi ne ɗan farina, don haka ba na kiran sunansa, ba ma kuma doguwar hira, haka aka raine mu. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, ya ɗauki kaya. Ƙanwata ta hau tasi zuwa Tampuy wurin dangin mijinta, mu kuma muka nufi Zongo.

Da ka bar kwalta ka shiga layukan unguwa, waɗanda suke kira sismet, sai jar laka da kududdufai, mota tana rangaji tana lallaɓawa. Amma kunnena ya ji daɗi. Ga mai shayi yana zuba Hausar Tawa, ga direbobi 'yan Nijar zaune kan benci suna gardama, ga wata tana ciniki da Mosanci tana ƙarasawa da Faransanci. Surukata ta tare ni a ƙofa da ƙwaryar zomkom, ruwan garin gero mai tsamiya da citta da ake ba baƙo. 'Yar birni ce, ta yi boko mai zurfi, uwarta Bamosa, ubanta Bahaushe. Ba ni da abin cewa a kanta sai alheri.

Jikan nawa yana laɓe bayan zanenta, ido ɗaya a waje. Na ce, "Af, angona, haka ake tarbar amarya? Ko sannu babu?"

Ya leƙo ya ce, "Yaaba."

Kaka kenan da Mosanci. Na fito da kantu, ya matso. Kafin la'asar yana kan cinyata yana bin zanen lallen hannuna da yatsa, yana ba ni labari rabi Hausa rabi Faransanci, ina amsawa da to, to, alhali ko kashi ɗaya cikin uku ban gane ba. Wallahi na ji daɗin ranar nan. Na kwanta ina cewa tafiya ta biya.

Alhamis na karɓi madafa. Shekara talatin ina sayar da abinci, ba zan zauna a yi mini girki ba. Na yi dafa-duka da naman rago, ƙanshi har maƙwabta. A gidan nan kan tebur suke ci, kowa da farantinsa da cokalinsa. Na ce yau dai a'a. Na shimfiɗa tabarma a inuwa, na juye shinkafa a babban tire, na tara nama a tsakiya yadda ake yi, muka zauna ni da surukata da yaron da ƙanwarsa 'yar shekara biyu. Ubansu yana wurin aiki.

Ban gama bisimilla ba sai ga hannun yaron, na hagu, ya tsallake shinkafar gabansa ya dira kan tsoka mafi girma a tsakiya. Ban yi shawara da hannuna ba. Sai dai na ji ƙarar, tas, a bayan hannunsa. Naman ya faɗi.

Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya dubi hannunsa, ya dube ni, ya tashi a hankali ya shige ɗaki. Surukata ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, bai taɓa ci a tire ɗaya da mutane ba. Bai san akwai ƙa'ida ba."

Na ce, "To yau ya sani."

Na ci gaba da ci don kada a ga na damu. Na kai loma biyar ina jin ni ce da gaskiya, daga nan na tsame hannuna daga tiren. Kaka ai abokiyar wasa ce, ita ake gudowa wurinta in uwa ta ɗauki bulala. Ni kuwa kwana ɗaya tal da zuwana na zama abin gudu.

Daga ranar ya daina ci a gabana. A madafa yake cin abincinsa, bayan ƙofa. In na shigo sai ya ajiye cokali ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa. Ranar Juma'a da safe na soya masa ƙosai da hannuna, na kira shi angona, na kira shi maigida, na yi masa rawa har ɗankwalina ya zame. Ya tsaya daga nesa da ladabinsa ya ce, "Na ƙoshi, Yaaba." Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ga Litinin tana matsowa, kuma na san in na hau kar a haka, abin da zai riƙe game da ni kenan har ya girma.

Da la'asar ɗin Juma'ar ina kishingiɗe a ɗaki na hango su ta taga. Surukata ta fito da ɗan tebur tsakar gida, ta shimfiɗa masa ƙyalle, ta rataya tawul a hannu, ta zama mai kawo abinci. Wasan restoran suke kiransa. Ashe duk ƙarshen wata suna kai yaran gidan cin abinci, kuma kafin su je sai an yi gwaji a gida. Yaron ya shigo ya gaisa, ya ja kujera, ya ce don Allah a ba shi ruwa, ya ce ya gode. Ya fara magana da burodi cike da baki, sai ta sunkuya ta raɗa masa wani abu a kunne, ya rufe baki ya haɗiye, suka yi dariya tare. Na yi tsaki na ce boko dai ba ta rasa aikin yi. Amma ban bar tagar ba sai da suka gama. Daga baya ta gaya mini abu ɗaya take koya masa a kowace fita, ba ta haɗa biyu, kuma ba ta gyara shi da murya a gaban mutane.

Asabar tun ƙarfe sha ɗaya da rabi muka fita, wai kafin yunwa ta kama yara su fara rigima, kafin kuma wurin ya cika. Na sha leshina fari. Muka ratsa unguwar Tiendpalogo, muka faɗa Kuluba. A wannan yankin aka haife ni. Ubana direban babbar mota ne daga Tawa, gidanmu na ƙasa ne mai zaure biyu, kafin a tashi unguwar a yi sabon gini. Yanzu tituna ne masu faɗi da benaye masu gilashi, tsakaninsu filaye da ciyawa ta rufe. Na riƙa neman ƙofarmu da ido. Nan ne? Ko can inda aka ajiye motoci? A wani lungu na ga tsohuwar bishiyar tsamiya ita kaɗai, sai na ga kamar hayaƙin murhun innarmu yana tashi a bayanta, na ji kamar ana daka, ana kiran yara su zo su wanke hannu. Mu tara muke kewaye akushi ɗaya. Hannun hagu riƙe da bakin akushi, ido a ƙasa, kowa ya ci gabansa, ba mai taɓa nama sai an raba. Gwaggonmu tana zaune a kanmu da ludayi. Ban tuna ranar da aka yi mini bayanin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a bayan hannuna na koye su duka.

Gidan abincin yana da sanyi kamar randa. Fararen ƙyallaye a kan tebura, kiɗa can ƙasa-ƙasa, masu hidima suna tafiya ba a jin sawunsu. Ɗana ya karanta mini takardar abinci. Cinyar kaza da soyayyen dankali sefa dubu shida. Na ce a rumfata da wannan kuɗin mutum goma za su ci su yi guzuri. Ya ce in yi haƙuri in zaɓa. Na zaɓi kazar, da zoɓo.

Jikana ya zaɓi kujerar da ta fi nisa da ni. Amma ku zo ku ga yaro. Ya gaida mai hidima, ya shimfiɗa ƙyalle a cinya, uwarsa ta ba shi takarda da fensir yana zane kafin abinci ya iso. Da ƙanwarsa ta fara ƙunƙuni, uban ya ɗauke ta suka zaga waje suka dawo, ba wanda ya ɗaga murya. Ni kuwa ina zaune ƙafata ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Aka kawo kaza, wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Surukata ta ce a hankali, "Mama, ki ci da hannu abinki, ga wurin wanke hannu can." Da na ji maganarta da an zauna lafiya. Amma girman kai ya hana. Ni da na bugi yaro kan ladabin ci, a ce na kasa abin da yake yi? Na saci kallon teburin kusa, na kama wuƙa, na danna cokali, na yanka da ƙarfin mai yankan kabewa. Cinyar kazar ta zame, ta tashi daga faranti, ta bugi kofin zoɓo. Ja ya malale kan farin ƙyalle, ya gangaro kan leshina.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake ba ku wannan labari. Kafin in yi tunanin komai, hannuna na dama ya fizge kansa ya ɓuya a ƙirjina, kafaɗata ta ɗage, idona ya rufe. Ina jiran ludayi. Mace mai shekara sittin da 'yan kai, mai jikoki, gwaggon nan ta fi shekara talatin a ƙasa, amma hannuna bai manta ba.

Da na buɗe ido, kujerar yaron ba kowa. Sai na ji ɗan numfashi a kunnena. Ya zagayo, ya yi ɗage kan yatsun ƙafa, ya kare bakinsa da hannu yadda uwarsa take yi masa.

Ya ce, "Kar ki ji tsoro, Yaaba. A nan ba a duka."

Mai hidima ya zo ya canja ƙyalle ba tare da ya kalle ni ba, Allah ya yi masa albarka, aka kawo wata kazar. Yaron bai koma wurinsa ba. Ya tura kujerarsa da ƙyar har kusa da tawa, ya hau, ya ce in duba. Ya nuna mini a farantinsa: a danne naman kusa da inda za a yanka, a ja wuƙa a hankali, a yanka duka ƙanana, sannan a ajiye wuƙar a mayar da cokali hannun dama a ci. Ashe uwarsa ta riga ta koya masa ci da dama, ɗoki ne kawai ya sa ya miƙa hagu ranar nan. Na gwada, yanka na farko ya fito a karkace. Ya ce, "Ba komai, sake." Na sake.

Na sunkuya ni ma na raɗa masa, "Angona, na yi maka laifi ranar Alhamis. Ka yafe mini."

Tunda nake ban taɓa ba yaro haƙuri ba. Ya yi ɗan tunani da dankali a baki, ya haɗiye tukuna, sannan ya ce to. Ya ɗauki dankali ɗaya daga farantina ba tare da ya tambaya ba, uwarsa ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai.

Lahadi na sake shimfiɗa tabarma, tuwon masara da miyar kuɓewa. Wannan karon na yi bayani. Na shata masa gabansa da yatsa na ce nan gonarka ce, nan tawa, ba a shiga gonar wani. Na ce nama kuma ba a zuwa wurinsa, shi yake zuwa wurin mai haƙuri. Ya zauna yana jira, idonsa kan tsakiyar kwano, har na gutsuro tsoka na gangaro da ita gabansa. Ya yi dariya har da tafi. Miya ta bi masa gwiwar hannu, ya ɓata riga, ya shiga gonata sau biyu, na raɗa masa sau ɗaya na ƙyale ɗayan. Mun cinye kwanon tas, ni da shi.

Litinin da safe ɗana ya kai ni tasha, ƙanwata tana can tana jira da buhunan tsarabarta. Ya sa kayana a mota, ya dawo ya tsaya gefena, mu biyu muna kallon masu lodi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna, na ji daɗin ganinku jiya. Ni har yau in kina wuri ba na iya cin abinci in ƙoshi."

Nan take aka kira fasinja. Ya durƙusa, ya yi mini Allah ya kiyaye hanya, ya juya.

Hanyar dawowa ban yi barci ba. Gonakin nan dai su ne, kore shar, gajimare yana tafe a kansu yana jan inuwarsa. A Boromo mai kazar nan ta gane ni ta yi mini tsiya, na ce mata yau ba na ci. Na riƙa tuno duk zuwan da ɗana yake yi Bobo da salla, yadda yake loma uku ya ce alhamdulillahi ya tashi. Shekara da shekaru ina yaba masa a zuci, ina cewa yaron nan ba shi da haɗama, na iya tarbiyya.

Mun iso gida bayan azahar lafiya lau, na tarar rumfata ba abin da ya same ta. In kun tambaye ni abin da na koyo a wannan tafiya, ba riƙe wuƙa ba ne, don har gobe da hannuna zan ci kaza. Ladabin da aka koya mana mai kyau ne, ina nan a kansa, kuma jikana zai san shi duka. Amma yaro yana iya koyon ci da dama da jiran rabo ba tare da ya koyi tsoron wanda ya zuba masa abincin ba. Ni tare aka ba ni su biyun, tare kuma na miƙa su ga ɗana ban sani ba.

Da na yi la'asar na ɗauki waya na kira shi. Na ce na sauka lafiya. Ya ce madalla. Sannan na kira sunansa, karo na farko tun ranar da aka raɗa masa shi, na ce in ya zo da salla, ni da shi za mu ci kwano ɗaya, ba kuma zai tashi ba sai ya ƙoshi.

Can na ji ya ja numfashi.

Ya ce, "To, Inna. Dambu nake so. Ki yi da yawa."